Ra'ayinmu: A Leƙa Cikin Tanki Kafin a Zuba Abin Sha

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, ko watan azumi ya tsaya, babu sana'ar da kasuwarta ke ci a garuruwanmu kamar ta abin sha mai sanyi. Zoɓo ne, kunun aya ne, lamurje ne, yogot ne, fura da nono ce a roba, ga kuma ruwan leda da ya zama ruwan shan kowa. A da, yawancin wannan aiki a tsakar gida ake yin sa, da tukunya da bokiti da rariya. Yanzu abin ya girma. Matar da ta fara da tukunya ɗaya tana ƙulla zoɓo a leda, yau za ka tarar ta kama shago, ta ɗauki yara aiki, ta kafa tanki mai cin lita 200 ko 500, da kan famfo a gindinsa. Wannan jarida tana murna da hakan, domin da wannan sana'a ake ciyar da gidaje masu yawa, ake biyan kuɗin makaranta, ake aurar da 'ya'ya. Sai dai ci gaban ya zo da wata tambaya da ba mu ji ana yi ba: wa ya haɗa tankin nan, kuma yaya ya haɗa shi?

Mai son ya gane inda muka dosa, ya sami irin tankin da ake haɗawa a nan gida, ya buɗe murfin bayan an wanke shi, ya haska tocilar wayarsa daidai inda aka liƙa bututun famfo a jikin bangon. Daga waje, sau da yawa aikin gwanin sha'awa ne. Waldar ta jeru tsaf, an bi ta da giranda, an goge, tana ɗaukar ido. Daga ciki kuwa, a tankuna da dama, abin da za a gani shi ne wani baƙin zobe mai kaushi, kamar ƙanzon da ya ƙone a gindin tukunya. Ka goga auduga a wurin, sai zaren ya maƙale. Ka sa farce tsakanin bututun da bangon, sai ka ji akwai 'yar kafa, domin ta waje kawai aka yi waldar, narkakken ƙarfen bai ratsa ya fito ciki ba. Idan tankin na madara ne, kusantar da hanci ma ya isa. Tsamin jiya da na shekaranjiya yana nan a laɓe, inda soso ba ya kaiwa. Mai saye waje ya gani ya biya kuɗi, alhali abin da jama'a za su sha da cikin yake kwana.

Idan aka yi ƙorafi, amsar da aka fi ji a bakin mai walda ita ce, "Haba Hajiya, ai sitenles ne, ba ya tsatsa." Kuma ba ƙarya ya yi niyyar yi ba, abin da ya sani ke nan. Ƙarfen da masu sana'a ke kira sitenles, irin wanda ake yin cokula da kwanukan silba da shi, ana danganta gano shi ga wani Bature mai suna Harry Brearley a birnin Sheffield na Ingila a shekarar 1913, lokacin da yake neman ƙarfen da zai daɗe a bakin bindiga bai zaizaye ba. Sirrinsa shi ne wani sinadari da ake kira kuromiyam, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na haɗin. Idan kuromiyam ya haɗu da iska, sai ya yi wata fata siririya a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ita ce ke tare ruwa da tsami da gishiri. In an karce ta, da kanta take sake rufewa. Rashin tsatsar duk a jikin wannan fata yake, kuma wuta tana iya lalata ta.

Yayin da ake walda, wurin da aka ɗora wa wuta yakan narke, gefensa kuma ya yi jazur. Idan iska ta taɓa ƙarfen yana cikin wannan hali, sai kuromiyam ɗin ya ƙone ya tashi sama ya zama wannan baƙin ƙanzo, ƙarƙashinsa kuma ya rage ƙarfen da kuromiyam ɗinsa ya yi ƙaranci. Nan ne tsatsa ke fara kamawa, nan ne ƙananan ramuka ke buɗewa. Akwai kuma wata illa ta biyu: idan ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 450 zuwa 850 ko kusa da haka a ma'aunin Salshiyas, kuromiyam yakan haɗu da kabon ɗin da ke cikin ƙarfen ya daina aikin kariya. Shi ya sa wani lokaci za ka ga layin tsatsa ya bi gefen walda kamar an ja shi da alƙalami. Ga shi kuma sitenles ba ya saurin rarraba zafi kamar baƙin ƙarfe, yana riƙe shi a wuri ɗaya, kuma ya fi shi buɗewa idan ya yi zafi. Hannun da ya saba da ƙofar gida da tagar shago, in ya zo kan falle mai kaurin da bai kai milimita biyu ba, ko ya huda shi ko ya lanƙwasa shi.

Maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa. Shi ne waldar da a duniya ake kira TIG, mu kuma a kasuwa muke ce mata waldar agon. A shekarar 1941 wani injiniya mai suna Russell Meredith ya kammala tsarinta a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop da ke Amurka, domin haɗa ƙarafa marasa nauyi da waldar lokacin ta gagara. A maimakon sandar walda da ke narkewa tana barin datti, ana amfani da tsinken wani ƙarfe mai suna tongistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422. Wutar tana fita daga bakin tsinken, iskar agon tana bulbulowa a kewayensa tana kore iskar da muke shaƙa, mai walda kuma yana ciyar da siririyar waya da ɗaya hannun, ɗigo bayan ɗigo. Babu tartsatsi, babu ɓawon da za a ɓamɓare da guduma. Agon ba baƙon abu ba ne, kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu shi ne, kuma masana'antun da ke tace iskar oksijin ta asibiti su ne ke fitar da shi. Amfaninsa shi ne ba ya haɗuwa da komai, ko da wuta ta kai inda ta kai.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Agon ɗin da ke fita daga bakin tocilar walda, fuskar da mai walda ke kallo kaɗai yake karewa. Bayan fallen, wato cikin tankin, yana nan a buɗe ga iska, kuma shi ma ya yi ja. Don haka mutum zai iya mallakar injin agon na gaske, hannunsa ya faɗa, waldarsa ta waje ta fito da launin karan dawa mai ban sha'awa, amma ciki ya zama ƙanzo. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su cika bayan wurin da agon kafin su kunna wuta. Sukan toshe bakin bututun da tef, su kifa wani ɗan kwano ko gwangwani a kan wurin daga ciki, su zura ƙaramin tiyo daga tukunyar gas, su bar 'yar huda ta sama inda iska za ta fita, domin agon ya fi iska nauyi, daga ƙasa yake cikowa. Sai su jira 'yan mintuna, su yi waldar, su bar gas ɗin yana tafiya har ƙarfen ya huce. Idan aka buɗe, cikin zai fito sumul, fari ko mai ɗan ruwan ɗorawa kaɗan. Wannan mataki yana cin gas, yana cin lokaci, kuma mai saye ba zai gane an yi shi ko ba a yi ba sai ya leƙa. Shi ya sa shi ne aka fi tsallakewa.

Mutanen da suka fi kowa tattauna wannan matsala a matakin ƙaramin aiki ba a ƙasarmu suke ba, kuma abin da suke dafawa ba abin shan mafi yawan masu karatunmu ba ne. A Amurka, tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta haɗa giya a gida a shekarar 1978, dubban mutane suka rungumi abin a matsayin sha'awa. Da yake tukwanen sitenles manya suna da tsada, sai suka riƙa sayen tsofaffin gangunan kamfani masu cin galan 15.5, wato kimanin lita 58, su saki iskar da ke matse a ciki, su yanke saman, su huda gefen, su kai wa mai walda ya liƙa musu mazaunin famfo da na ma'aunin zafi. Da yawa sun kai gangarsu wurin mai gyaran salansar mota, suka dawo da walda mai ƙanzo a ciki, suka yi ta asarar abin da suka dafa ba su san dalili ba. Ba ruwanmu da abin da ke cikin gangarsu. Amma ƙarfen ɗaya ne, ƙwayoyin cuta kuma ba su san bambancin ganga da tankin madara ba, don haka darasin da suka koya da aljihunsu ya dace mu ɗauka kyauta.

Mafi amfani a cikin darasin shi ne bambancin da suke yi tsakanin ɓangaren zafi da ɓangaren sanyi. Tukunyar da ake tafasa abu a cikinta na tsawon lokaci tana da rangwame, domin tafasar tana kashe abin da ya ɓuya a lungu. Mazubin da abu zai zauna a cikinsa bayan ya huce kuwa, ba ya yafe kuskure ko kaɗan. Mu auna wannan da namu kayan. Zoɓo ana tafasa shi, amma bayan ya huce ake zuba masa sukari da kayan ƙamshi a juye shi a tankin ƙullawa. Madarar yogot ana dafa ta, sannan a sauke ta zuwa kusan digiri 43 a bar ta awanni tana kama jiki, kuma wannan ɗumi shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka fi so. Kunun aya kuwa galibi ba ya ganin wuta sam, kuma duk mai sayar da shi ya san yadda yake juyawa cikin 'yan awanni. Ƙwayoyin cuta idan suka sami rami ko kaushi, sukan yi wa kansu wata yauƙi su manne, ruwan sabulu ya bi ta kansu ya wuce. Kowace sabuwar zuba sai ta ɗebi iri daga ta jiya. Mai sana'a sai ta ga kayanta suna kumbura a roba tun kafin yamma, ta zargi wutar lantarki, ta zargi yaran shago, ta zargi mai kawo madara, alhali matsalar tana liƙe a gindin famfo.

Adalci ne mu saurari mai walda, domin yana da hujja. Tukunyar agon da tsada, cika ta ma da tsada, kuma ba a kowane gari ake samu ba. Aikin da aka cika wa gas ta ciki yana shan gas fiye da wanda ba a cika wa ba. Wutar lantarki ba ta tsayawa, man janareta kuma kowa ya san inda ya kai tun da aka janye tallafi a 2023. Uwa uba, mai saye yakan zo da farashin da ya jiyo a wani shagon ya ce ko a yi masa a haka ko ya tafi. Wani maigidan shago zai ce maka, "Alhaji, in na yi yadda kake faɗa, kuɗin zai ƙaru, shi kuma ba zai ga bambanci ba, sai ya ce na cuce shi ya koma wajen maƙwabcina." Wannan magana gaskiya ce. Kasuwar da ba ta iya bambanta aiki mai kyau da marar kyau, mai aiki mai kyau take hukuntawa. Mafi yawan masu waldarmu kuma a bakin titi suka koyi aiki, a hannun maigidan da shi ma babu wanda ya taɓa nuna masa cikin tanki. Ba za a zargi mutum da ɓoye abin da bai san da shi ba.

Masu ƙananan masana'antu su ma suna da tasu hujjar. Jarinsu kaɗan ne, kuma tankin da aka shigo da shi daga waje ya fi ƙarfinsu, musamman bayan faɗuwar darajar naira. Wasu kuma sukan kawo wata hujja da ke da daɗin ji: kakanninmu a ƙwarya suka yi kindirmo, a randa suka ajiye kunu, ba su mutu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin tsamin kindirmo kansa yana hana ƙwayoyin cuta da yawa yaɗuwa. Amma ƙwarya hannu yana kaiwa ko'ina a cikinta, ana wanke ta a kife ta a rana, kuma abin da ke cikinta gida ɗaya ko layi ɗaya ke sha a ranar. Tankin lita 500 kuwa yana cika robobi dubu na rabin lita, waɗanda za su yini a cikin kula a tasha, wasu su kwana, wasu su isa makarantar firamare, wasu su isa gadon asibiti a matsayin abin dubiya. Kuskuren ƙwarya a gida ɗaya yake tsayawa, na tanki kuwa unguwanni yake zagawa.

A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a hana tankunan gida kwata-kwata, duk mai son rajista ya kawo na waje. Ba mu tare da su. Na farko, ba duk abin da ya sauka daga jirgin ruwa ne mai kyau ba, akwai na waje da aka yi da ƙarfe mai araha aka goge shi ya yi ƙyalli. Na biyu, ko tankin daga ina ya zo, ranar da ya tsage ko aka so ƙara masa famfo, mai waldar unguwa za a kira. Sannan duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga abin da hannun mutanenmu ke iya fitarwa daga tarkacen ƙarfe, ya san cewa ba basira ce ta yi ƙaranci ba. Hana su aiki zai kashe sana'a biyu a lokaci guda, ta mai walda da ta mai zoɓo, kuma zai mayar da mutane ga durom ɗin roba da aka taɓa zuba sinadarin da babu wanda ya san ko mene ne.

Akwai kuma batun ƙarfen kansa, wanda a nan ne algus na gaske yake shigowa. Sitenles iri-iri ne. Wanda aka sani da aikin abinci shi ne mai lamba 304, mai ɗauke da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Akwai 316, wanda aka ƙara wa wani sinadari da ke sa shi jure gishiri da tsami mai ƙarfi. Sai kuma 201, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis don ya yi araha. A ido ba ka bambanta su. Ya dace da ƙarfen bene da ƙofar ado, amma a tankin da zai riƙa kwana da tsami yana saurin yin ɗigo-ɗigon tsatsa. Gwajin da aka saba yi a kasuwa shi ne a manna mayen ƙarfe, in bai kama ba a ce na asali ne. Wannan gwaji yana yaudara, domin 201 ma ba ya kama mayen ƙarfe. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a kan falle ya canza launi, akwai kuma takardar shaidar masana'anta da ke zuwa tare da kaya, wadda ya kamata dillali ya iya nunawa. Sayar wa mutum 201 da sunan 304 ha'inci ne, kuma addininmu da al'adarmu duk sun san sunansa.

Wayar da ake ciyarwa ita ma tana da ƙa'ida: 308L ga ƙarfe 304, 316L ga 316. Harafin L yana nufin kabon ɗinta kaɗan ne, bai wuce kashi 0.03 ba, wanda ke rage waccan tsatsa ta gefen walda. Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da ake ɗaurawa a jikin tankin bayan an gama. Sau da yawa za ka ga tanki na sitenles, amma kan famfonsa na tagulla ne irin na banɗaki, bututunsa kuma na ruwan famfo ne mai rufin zinki, wani wurin ma an toshe yoyo da dalma. Zoɓo yana da tsami sosai, kuma tsami yana narkar da zinki, yana jawo dalmar da ke cikin wasu nau'o'in tagulla. Al'ummar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Wancan daga haƙar zinare ya zo, kuma yawansa ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma masana lafiya sun yi ittifaƙi cewa babu wani adadin dalma da za a ce ba shi da illa a jikin yaro.

Bayan walda, aiki bai ƙare ba. Launin da wuta ta bari, shuɗi ko shunayya, dole a cire shi, domin ƙarƙashinsa ƙarfen ya raunana. Buroshin da za a goge da shi ya zama na sitenles, faifan giranda kuma ya zama wanda bai taɓa cin baƙin ƙarfe ba, in ba haka ba ɓurɓushin baƙin ƙarfen zai nutse a jikin tankin ya fara tsatsa cikin kwanaki. Manyan kamfanoni suna amfani da wani man shafawa mai ɗauke da asid masu haɗarin gaske, wanda ba mu ba da shawarar a taɓa shi a shagon bakin titi ba tare da horo da kayan kariya ba. Abin farin ciki, mataki na ƙarshe yana yiwuwa da abin da kowace mai zoɓo ta sani: ɗan tsami. Bayan an goge wurin tas an wanke maiƙo, a jiƙa shi a ruwan ɗumi mai ɗan tsami kashi 4 zuwa 10 cikin 100 na kimanin rabin awa, a ɗauraye, a bar shi ya sha iska. Wannan yana cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe ya ba fatar kariya damar dawowa. Ɗan tsami ba ya gyara ƙanzo, wannan sai an kankare ko an sake aikin. Masu wanke tanki kuma su sani cewa barin ruwan bilic ya kwana a cikin sitenles yana huda shi.

Ga wadda ba ta da kuɗin walda mai kyau, akwai wata hanya da waɗancan Amurkawa masu haɗa giya a gida suka daɗe suna bi. A huda rami daidai, a zura mazaunin famfo na sitenles mai zare, a sa zoben roba irin na silikon da aka yi don abinci, a ɗaure da noti. Babu wuta, babu ƙanzo. Aibinsa shi ne zaren da zoben suna tara datti, don haka dole a riƙa kwance shi ana wankewa, kuma yakan yi yoyo in an matse shi fiye da kima. A ganinmu, famfon da ake kwancewa a wanke ya fi walda mai ƙanzo da ba ta kwantuwa.

Ba za mu manta da lafiyar mai waldar kansa ba, da ta yaran da ke riƙe masa ƙarfe. A 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, kuma hayaƙin sitenles yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam mai cutar da huhu. Hasken waldar agon yana ƙona ido da fata, baƙin gilashin kasuwa ba ya tare shi. Tsinken tongistin mai jan kai yana ɗauke da sinadarin toriyam, ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce in ana wasa shi. Mafi gaggawa kuma shi ne agon da kansa: ba shi da wari, ba shi da launi, yana kwanciya a gindin tanki ya kore iskar numfashi. Tura yaro cikin tankin da aka cika da agon don ya duba aiki, ba tare da an kore gas ɗin ba, yana iya zama ajalinsa.

Hukumomin da wannan aiki ya rataya a wuyansu suna nan. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba wuraren sarrafa abin sha kafin ta ba da lamba, kuma ƙa'idojinta sun buƙaci duk abin da ke taɓa abinci ya zama marar tsatsa, mai sauƙin wankewa. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa bisa abin da suka iya, ko ba su zauna a aji ba. Ga asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, ga Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun wadda ta daɗe tana yaye masu walda. Ƙasar nan ta san darajar walda mai kyau idan ta ga dama. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ba a bar kowa ya ɗora masa wuta ba sai wanda ya ci jarrabawa, kuma an riƙa bincika haɗin da na'ura kafin a binne shi. Madarar da yara za su sha ba ta buƙatar na'ura mai tsada irin wannan, tocila da ido mai horo sun isa. Yanzu da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024, ana kuma maganar cibiyoyin tattara madara a rugage, tankuna za su ƙaru, kuma gara a gyara tun ran gini.

Hukuncinmu shi ne wannan. A bar masu waldar gida su ci gaba da haɗa tankuna, a kuma fifita su a duk kwangilar da gwamnati ko masu ba da tallafi za su bayar. Amma duk mazubin da abin sha zai zauna a cikinsa bayan ya huce, ya zama na 304 ko 316, an haɗa shi da waldar agon da aka cika wa gas ta ciki, an goge, an wanke da ɗan tsami, kuma babu tagulla ko zinki ko dalma a hanyar da abin shan ke bi. Tukunyar tafasa da ƙafafun tanki da sauran abin da ba ya taɓa abin sha, a yi musu sassauci. NAFDAC ta horar da jami'anta su riƙa buɗe murfi suna haska ciki, ta kuma ba waɗanda aka sami tankinsu da matsala wa'adin gyara kafin ta kai ga rufe shago. NBTE da kwalejojin kimiyya da fasaha su shirya gajeren horo na waldar kayan abinci, da Hausa, a cikin kasuwannin da masu aikin suke, da takardar da mutum zai rataya a shagonsa ya nemi ƙarin kuɗi da ita. Ƙungiyoyin masu walda kuma su haɗa kai wajen sayen agon da yawa domin farashinsa ya sauko wa ƙananansu.

Ke kuma Hajiya mai zoɓo, da kai Alhaji mai yogot, ku ne za ku fi kowa saurin kawo gyara. Ranar ba da aiki, a rubuta lambar ƙarfen a jikin rasit, a faɗa wa mai walda a fili cewa ana son a cika gas ta ciki, a kuma yarda a biya kuɗin gas ɗin ba tare da ja-in-ja ba. Ranar karɓar aiki, kada a biya cikon kuɗi sai an buɗe murfi, an haska tocila, an goga auduga a gindin famfo. In audugar ta maƙale, a mayar da tankin a gyara kafin a zuba masa ko da lita ɗaya.